Kundin koyon jita: mai kod huɗu da jitar rabin miliyan

Asabar, 5 ga Oktoba 2024

Wata biyu ke nan da fara koyon jita, sai yau na ga ya kamata in riƙa rubuta abin da nake yi, don na lura ina yaudarar kaina. In aka tambaye ni sai in ce kullum ina taɓawa, alhali wani makon sau biyu kacal nake ɗaukarta. Shekarata 41, ma'aikaci ne ni, da 'ya'ya uku. Ba maroƙi nake shirin zama ba, duk da wani maƙwabcina ya fara tsokanata da haka a majalisa. Tun ina sakandare abin yake raina, hali ne bai samu ba.

Jitar gwanjo ce, na saya a Sabon Gari cikin Agusta a kan naira 45,000. Tambarinta ya goge, ban ma san ƙirar ina ba ce. Jikinta filawud ne. Malamina wani matashi ne ɗan kudancin Kaduna da ke kaɗa jita a coci, muna haɗuwa duk Asabar bayan la'asar, awa ɗaya naira 3,000. Zuwa yau kod huɗu na iya, wato salon danne tsirkiyoyi da yatsu su ba da sauti tare: G, C, D da Em. Sauyawa daga C zuwa D sai na tsaya na kalli yatsuna kamar mai ƙirga canji.

Asabar, 12 ga Oktoba

Minti 95 na kaɗa a duk makon. Kan yatsu ya fara kanta. Babu wani sabon abu.

Asabar, 19 ga Oktoba

Yau aka shiga kod ɗin F, wanda ake kwantar da ɗan ali ya danne tsirkiya shida gaba ɗaya. Na danna har jijiyar hannu ta ɗaure, sautin da ke fita kamar ana buga kwali. Malamin ya karɓa ya gwada, shi ma sai da ya yamutsa fuska, ya ce tsirkiyoyin sun yi nisa da wuya. Da na dawo gida na ɗauki rular yarona na auna tazarar a ƙarfe na 12 cikin ƙarafan da ke jere a wuyan: milimita 4 da rabi. Ya ce kamata ya yi ya tsaya wajen 2 da rabi.

To, na samu abin da nake nema, wato wanda zan ɗora wa laifi. Daren nan har ƙarfe ɗaya ina kallon jitoci a intanet. Akwai wata Martin D-28 da nake ta komawa kanta, kamfanin Amurka ne da ya faro tun 1833. Kuɗinta ya haura dala 3,000, dala kuma ta wuce naira 1,600, ka ga ana maganar kusan miliyan biyar. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a bana 70,000 ne. Na kashe waya na kwanta.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Kwana da kwanaki babu wuta, kusan duk Arewa a duhu. Ko cajin waya sai an kai wurin masu janareta an biya. Alherin da ke ciki ɗaya ne: jitata ba ta buƙatar lantarki, kuma babu talabijin da zai ɗauke mini hankali. Minti 210 a makon nan, ban taɓa kaiwa haka ba.

Jiya da dare na fito ƙofar gida da ita saboda zafi. Maigadin layinmu Ba'abzine ne, mutumin Agadas, shekara uku muna gaisawa ban san yana kiɗa ba. Ya tsaya yana kallona, can ya ce, "Alhaji, ara mini in gani." (Ban je Makka ba, haka yake kiran kowa.) Ya murɗa tsirkiya ta shida ta ƙara hawa, ya sa babban yatsa da ɗan ali, babu roban kaɗawa babu komai. Wallahi jitar da nake cewa kwali ce sai ga ta tana magana. Babban yatsan yana riƙe da bugu ɗaya ba ya sauka, ɗayan yana yawo a sama. Yaran layi suka taru. Ya yi kamar minti goma ya miƙo mini, ya ce tana da tauri amma muryarta ba laifi. Na shiga gida jikina a sanyaye.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Wuta ta dawo, minti ya koma 110. F har yanzu shiru.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Ga jarrabawa ta zo har gida. Wani abokin aikina ya ce ƙanensa da ya yi karatu a Ingila ya dawo da jita, zai sayar don yana haɗa kuɗin aure. Ranar Alhamis muka je. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba kada a ce talla nake yi. Ba ta kai Martin ba, amma katako ne zalla gaba da baya, babu filawud ko kaɗan. Fuskarta farin itacen ƙasashen sanyi ne, baya da gefe kuma jan katako, dangin maɗacinmu. Tana da akwatinta mai tauri. Ya sa 620,000.

Na buga G ɗin da na saba bugawa kullum. Sautin ya daɗe yana yawo a ɗakin, har a ƙirjina na ji shi. Ban san G ɗina yana da wannan muryar ba.

Yau na faɗa wa malamina. Dariya ya yi har da dafa bango. Ya ce, "Oga, kod huɗu fa ka iya. Ni shekara goma sha biyu ina kiɗa, jitata ba ta kai rabin wannan kuɗin ba." A ganinsa kayan kiɗa hawa-hawa ne kamar aji: ka cinye wannan, hannunka ya fi ƙarfinta, sannan ka wuce ta gaba. Wanda ya tsallake, in ji shi, kunya yake saya wa kansa, don ranar da ya fito da ita a gaban mutane za a zuba ido a ji abin da ya dace da kuɗinta.

Maganar ta tsaya mini, domin akwai gaskiya a cikinta. Ɗanmaraya Jos, Allah ya jiƙansa, da kuntigi ya yi suna har ƙasashen waje, gwangwanin kifi ne da fata da tsirkiya guda. Mdou Moctar na Nijar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, sai da duniya ta san hannunsa sannan ya riƙe jitar kamfanin Fender. Ga kuma maigadinmu. Duk wanda ya ce kayan aiki ne ke hana shi, waɗannan sun ishe shi amsa.

Amma a hanyar dawowa cikin adaidaita sai wani tunanin ya zo. A ofishinmu akwai masu wayar sama da miliyan, ba abin da suke yi da ita sai WhatsApp da kallon TikTok, ban taɓa jin an ce sai sun iya haɗa manhaja kafin su cancanta ba. Mai kiwon tattabara yana zuba kuɗi a tsuntsu ɗaya, mai doki yana ciyar da shi shekara don hawan Sallah na 'yan kwanaki, ba a tambayarsu takardar shaida. Me ya sa sai a kiɗa ake cewa sai ka ci jarrabawa kafin ka taɓa abu mai kyau? Kuma waɗancan gwanayen ba zaɓar gwangwani suka yi don tawali'u ba, abin da hannunsu ya kai ke nan a lokacin.

Uwargida dai da na kawo mata zancen cewa ta yi, "Kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura." Ta ci gaba da tankaɗe.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Malamin ya ce kafin in yi wauta in kai tsohuwar wurin wani dattijo mai gyara a Sabon Gari. Na kai ranar Laraba. Shagon ɗan ƙarami ne, cike da sifiku da ganguna da suka mutu. Ya ɗaga jitar ya leƙa tsawon wuyanta kamar mai duba bindiga, ya ce ta lanƙwashe. Ashe akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan da ake ɗaurewa da ɗan makulli ta ramin jitar. Ya murɗa kwata, ya jira, ya ƙara kwata. Sannan ya zare jakin, wato ɗan farin abin da tsirkiyoyi ke hawa a kansa, ya goge gindinsa da sanfefa a kan gilashi don ya tafi daidai. Ya ce duk milimita 2 da aka rage a jaki, 1 ake samu a tsakiyar wuya. Tsirkiyoyin da ke kai masu kauri ne kuma sun yi tsatsa, ya sa mini sirara, masu lamba 10 zuwa 47.

Aiki 6,000, tsirkiya 9,000. Tazara ta dawo ƙasa da milimita 3.

A shagon na gwada F, tsirkiya biyar cikin shida suka fito tas. Na ce, "Baba, ashe ba jitar ba ce." Ya ce, "Jitar ce, amma ciwon na dubu goma sha biyar ne."

Ke nan hujjata ta mutu. Duk abin da nake cewa sai mai tsada za ta magance, an magance shi da sanfefa. Duk mai koyo da ke jin jitarsa na cizon yatsu, ya fara zuwa nan tukuna.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Minti 160. F na fita in na shirya mata, amma shigarta daga C da gudu har yanzu faɗuwa nake. An ƙara mini Am da Dm. Mai jitar ya kira sau biyu, ban ɗauka ba.

Asabar, 7 ga Disamba

Na saya.

Gara in rubuta gaskiya tunda kundin nawa ne. Ba na buƙatarta. Tsohuwar ta ishe ni koyo na shekara biyu ko fiye. Sonta kawai nake yi, tun ranar da na ji G ɗin nan bai bar kunnena ba. Kwasar adashinmu ta ofis ta faɗo kaina a ƙarshen Nuwamba, 500,000, da ma niyyata in canja waya. Na duba wayar hannuna, fuskarta ta tsage amma tana kira tana karɓa. Sabuwar waya in ta yi shekara huɗu ta gode Allah, jitar katako kuwa in an kula da ita har jikoki.

Mun zauna da uwargida kafin in je. Ba ta tambaye ni kod nawa na iya ba, wannan bai dame ta ba. Tambayarta uku: kuɗin makarantar yara na Janairu yana ina, akwai bashin wani a kaina, kuma batirin sola da muka yi magana lokacin duhun nan fa? Na nuna mata kuɗin makaranta a ware. Bashi babu. Batir kuwa na yi alkawarin kwasa ta gaba tasa ce, ta ce in faɗa a gaban Yaya don a samu shaida. Na faɗa. Tambayoyinta sun fi na malamina wuyar amsawa, kuma ina ganin su ne suka dace a yi wa mai iyali.

An yi ciniki ya tsaya a 540,000. Na cika 40,000 daga aljihu.

Asabar, 14 ga Disamba

Abin dariya: mako guda da saye, sau biyu na buɗe akwatin. Tsoro nake ji. In zan ɗauka sai na wanke hannu, na cire agogo, na kori yara daga ɗakin. Ƙarshe sai in ga wahalar ta yi yawa in jawo tsohuwar da ke jingine bayan ƙofa. Malamin ya ce to ka ga, ka sayi sarauniya ka koma bawanta. Ya ba ni shawara in rataye ta a bango inda ido zai riƙa ganinta, hannu zai kai ba shiri. Na sa kafinta ya buga mini maratayi a falo, 2,500.

Asabar, 21 ga Disamba

Ratayewar ta yi aiki, minti 240 a makon nan.

Yau mun yi wani gwaji, malamin ya zo gida. Uwargida ta zauna a tsakar gida inda ba ta ganinmu, muna kaɗa jitocin biyu bi da bi tana faɗin wacce ce. Da malamin ya kaɗa, sau biyar ta canka daidai sau biyar, har tana cewa sabuwar "ta fi cika ɗaki". Da na karɓa, sau biyu ta dace cikin biyar. Ta ce mini, "Malam, kai in ka kaɗa duk ɗaya nake ji." Malamin ya kusa faɗowa daga kujera.

Ban ji haushi sosai ba. Abin da gwajin ya nuna shi ne mai sauraro daga nesa bai samu komai daga 540,000 ɗina ba, wannan kam malamin ya ci gari. Ni da ke rungume da ita kuwa ina jin bambancin a hannu da ƙirji, kuma don ni aka saya. Wani abin da ban zata ba: sabuwar ba ta rufa asiri. In yatsa bai zauna daidai ba sai ta faɗa da ƙarfi, tsohuwar kuwa ta saba haɗiye kuskure cikin dushewarta.

Asabar, 28 ga Disamba

Baƙi da bukukuwa. Minti 70. Hunturu ya sauka sosai, leɓe duk ya fashe.

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Wannan makon ban ji daɗinsa ba.

Tun ranar Litinin na ji bakin ƙarafan wuya suna kartar mini tafin hannu in na zame sama. Na ɗauka hannuna ne ya bushe. Laraba tsirkiya ta huɗu da ta biyar suka fara zizar da ba su yi a da. Ban kawo komai ba, na ce sanyi ne. Jiya Juma'a bayan sallar asuba ina zaune a falo, gari tsit, sai na ji ƙas daga bango, kamar an karya tsinken tsintsiya. Na haska fitilar waya. Ga tsaga siririya kamar gashi a fuskar jitar, daga bayan inda jaki yake ta gangara ƙasa, tsawonta ya kai ɗan yatsa.

Na fi minti goma a tsaye. Abin da ya fara zuwa raina shi ne dariyar malamin, sai kuma batirin sola.

Yau da safe na kai wa Baba mai gyara. Bai ko yi mamaki ba. Ya tambaya a ina nake ajiye ta, na ce a bango. Ya ce, "A hunturun Kano? Ɗana, ai ko ƙofar katako ka ga yadda take yi a wannan lokacin." Ya yi mini bayani dalla-dalla. Katako zalla yana shan danshi yana fitarwa kamar yana numfashi. Irin waɗannan jitoci ana haɗa su ne a inda danshin iska yake wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, haka kuma ake so a riƙe su. In iska ta bushe fuskar sai ta tsuke, amma sandunan da aka liƙa mata ta ciki sun riƙe ta ba ta da wurin tafiya, sai ta fashe ta bin jijiyar itacen. Katakon wuya ma ya tsuke, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa, shi ya sa bakinsu ya fito yana yanka. Fuskar ta ɗan lotsa, tsirkiyoyi suka sauko, ga dalilin zizar. Duk alamun nan jitar ta yi ta ba ni tun Litinin, ban san yarenta ba.

Tsohuwar fa? Ko gezau. Filawud an liƙa shi ne hawa-hawa, jijiyar wannan ta gicciye ta wancan, ba ya motsi sosai. Ta shekara nawa tana shan hunturu a bayan ƙofofin mutane.

Laifin nawa ne, ba na wanda ya ƙera ba, ba kuma na wanda ya sayar ba. Shi malamin da ya ce in rataye, bai taɓa riƙe ta katako zalla ba, ya ba ni shawarar da ta dace da irin tasa. A nan ne na ga inda rashin sanina ya yi ɓarna da gaske, kuma ba a yatsu ba ne. Da na iya kod ɗari ma, in ban san wannan ba haka za ta fashe.

Asabar, 11 ga Janairu

Baba ya ce ba zai sa gam yanzu ba, sai katakon ya sha danshi tsagar ta rufe da kanta. Na sassauta tsirkiyoyi. Na samu robar sabulu mai murfi na huda ta da ƙusa mai zafi, na sa soso a ciki, a jiƙe amma an matse shi sosai don kada ya ɗiga. Ɗaya a wajen kan jitar cikin akwati, ɗaya a ƙasan wuya, akwatin a rufe ruf. Na sayi 'yar na'urar auna danshi, 7,500. A falo da rana ta nuna 16. A cikin akwati bayan kwana huɗu ta kai 43. Soson kwana biyu yake bushewa ƙarau.

Na koma kan tsohuwar. Minti 180.

Asabar, 18 ga Janairu

Tsagar ta matse har sai an karkata ta ga haske ake ganinta. Bakin ƙarafan ya ragu da kaifi. Jiƙa soso ya shiga cikin ayyukan safe, tsakanin shayi da kai yara makaranta.

Asabar, 25 ga Janairu

An yi gyara. Ya shafa gam a kan tsagar yana dannawa a hankali daga ciki har ya shige, ya goge na waje da ɗanyen tsumma. Sannan ya liƙa 'yan ƙananan katako uku ta ciki a gicciye, kamar ɗinki, yana dubawa da madubi da fitila. Ta kwana biyu a wurinsa. Ya ɗan goge bakin ƙarafa da zarto mai laushi. Aiki 25,000, sabbin tsirkiyoyi 11,000. Tabon yana nan in ka san inda za ka duba. A kunnena muryar ba ta canja ba.

Lissafin sabuwar zuwa yau: 540,000 da 2,500 da 7,500 da 25,000 da 11,000, ya kama 586,000, ban da kuɗin adaidaita. Tsohuwar da gyaranta 60,000.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Minti 230, makon jiya 250. Daga C zuwa F yanzu ina shiga ba tsayawa in ba a yi sauri ba. Abin mamaki, tun da ta samu tabo na daina jin tsoronta. Akwatin yana ƙarƙashin kujerar falo, in buɗe in kaɗa in mayar in rufe. Autana ma na bar shi ya ja tsirkiya ɗaya.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na duba kundin daga farko. A Oktoba ina yin wajen minti 100 a mako in akwai wuta, yanzu ina haura 200. Ko sabuwar jitar ce ta jawo, ko gyaran dubu goma sha biyar da ya sa yatsu suka daina ciwo, ko kunyar kuɗin da na kashe, ba zan iya rabewa ba. Wataƙila duka ukun.

Malamin bai sauka daga ra'ayinsa ba, har yanzu yana cewa da shi ne da ya jira shekara biyu. Amma yau ya roƙi in ara masa ita ranar wata Lahadi, akwai waƙar da yake so ya naɗa. Na ce sai dai ya zo ya naɗa a falona, kuma ya jiƙa soso kafin ya tafi.

Na kai wa maigadi ita ya gwada daren Alhamis. Ya kaɗa ya daɗe, ya ce tana da daɗi ƙwarai, sannan ya tambaya ko tsohuwar tana nan, don ita ce za ta jure zaman waje da ƙura. Na ba shi aronta zuwa bayan Sallah, da sharaɗin zai koya mini bugun babban yatsan nan.

Azumi saura mako guda, darasi ya tsaya sai bayan Sallah. Zan sassauta tsirkiyoyi kaɗan, soso dai ba hutu har ruwa ya sauka. Baba ya ce in damina ta kankama matsalar juyawa take yi, katako ya kumbura tsirkiyoyi su yi sama, don haka wajen Yuli in cire soson in nemi 'yan ƙullin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi. Na fara tarawa, ina da huɗu. Zubin adashi na wannan watan na biya, saura bakwai kafin batir.